Avenger ɗin da Baba ya siyo

Baba ya siyo Bajaj Avenger 220, irin dogon mashin ɗin nan mai kujera ƙasa-ƙasa da faffaɗan kai, kuma wallahi ya burge ni. Zaman sa akwai daɗi, dattijo mai ciwon baya zai zauna ƙafafunsa a gaba, in ya tsaya a danja duka biyun suna taɓa ƙasa. A titin Zariya ko Hadeja Rod tafiya yake sumul, ga tanki lita 13. Amma fa in ka shiga lungunan cikin gari ko cunkoson Kantin Kwari sai ka yi haƙuri, tsawonsa ba ya bari ka juya kamar Boxer.

Abin da ya dame ni shi ne surutun majalisa. Masu Haojue na cewa kayan Indiya ne, masu Jincheng na cewa ina zai samu sifiya, wani ma wai in ba Harley ba, wato babban mashin ɗin nan na Amurka, wasan yara ne, alhali bai taɓa ganinsa ba sai a TikTok. Maganar sifiya kam gaskiya ce, a fara tambayar bakanike kafin a biya kuɗi. Baba dai hular kwano na roƙe shi ya riƙa sawa kullum.