Wace Inbata Ta Dace da Injin Casa ko Famfon Rijiya?

Wanda ya taɓa tsayawa a injin casar shinkafa a Argungu cikin zafin Afrilu, allon inbata ya nuna OH, alamar zafi ya yi mata yawa, aiki ya tsaya cak ga buhuna jibge a ƙofa, shi zai fi fahimtar maganata. Inbatar da nake nufi ita ce VFD, mai rage gudun moton lantarki ko ƙara shi. Yawancin matsalolin da ake kawo mini gyara, tun ranar ciniki aka saye su.

Fara duba farantin da ke jikin moto. Kada ka tsaya ga kilowat, amfiya za ka karanta, ka nemi inbatar da ta kai haka ko ta ɗara. Sannan ka tambayi ajinta. A yawancin na China, mai alamar G tana jure nauyin kashi 150 cikin 100 na amfiyar da aka rubuta mata na tsawon daƙiƙa 60, mai P kuwa kusan 120. Famfo, P ta ishe shi. Amma injin casa da na niƙa da nauyi suke tashi, wanda ya sa musu P don sauƙin kuɗi zai gaji da ganin OC da OL, alamomin jan wuta fiye da kima da nauyi ya yi yawa.

Inda aka fi cutuwa a nan Kebbi shi ne zafi da ƙura. Galibin inbatoci an ƙera su ne su ba da cikakken ƙarfi har zuwa digiri 40, mu kuwa a bazara inuwa ma tana wuce haka, balle ɗakin kwano. Na taɓa buɗe wata a wani wurin casa a Jega, na tarar buntu ya toshe haƙarƙarin alminiyon da ke fitar da zafi, kamar an yi masa yaɓe, fankar ko motsi ba ta yi. Mai wurin har ya fara cigiyar sabuwa, alhali buroshi da sabuwar fanka kawai take so. Mai IP20 ce, wato ajin da ba shi da kariya daga ƙura, irin wadda sai a cikin akwati mai matacin iska take zama lafiya. In ba za ka yi akwatin ba, ka daure ka sayi IP54 ko IP55, masu kariya daga ƙura. Ni a ganina, ƙara mataki ɗaya a girma ba ɓarnar kuɗi ba ne a ƙasarmu.

ABB, Schneider da Danfoss suna da ƙarko, suna da tsada. INVT da Veichi sun fi sauƙi, kuma in an zaɓi girman daidai suna aiki. Ta hannu ce nake tsoro: kafasitocinta, masu tara wuta a ciki, suna tsufa ko a ajiye take, ido kuma ba ya gani. Sabuwa mai garanti ta fi mini tsohuwa mai babban suna.

Manomin rani da zai ja ruwa da hasken rana ya nemi wadda aka yi domin sola, mai MPPT, wato mai tatso iyakar ƙarfin da faifan sola ke bayarwa, mai kashe kanta in rijiya ta ƙafe. In wayar famfo doguwa ce, a sa riyakta, wato naɗin waya mai tace wuta, tsakanin inbata da famfo don kada moton ya ƙone. Mai wuta layi ɗaya kuma ya sani: inbatarsa layi uku za ta fitar, amma bolt 220, moton da sai 380 ba zai ba da ƙarfinsa ba.

Kada ka bar shagon sai da littafinta, domin kowane kamfani da yadda yake rubuta alamominsa. UV ko LU, alal misali, sau da yawa wutar gari ce ta yi ƙasa, ba inbatar ce ta mutu ba. In kuwa za a buɗe ta, don Allah a kashe wuta a jira minti 10, a auna tukuna. Mai layi uku tana riƙe kusan bolt 560 a cikinta ko bayan allon ya ɗauke.