Sports-Reference: ma'aunin manyan gidajen ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka

Masu bin ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka ba sa gajiya da musu kan waɗanne makarantu ne manyan gidaje na asali. Sunaye shida aka saba jerowa: Kentucky, North Carolina, Kansas, Duke, UCLA da Indiana, yanzu kuma UConn, wato Jami'ar Connecticut, ta zo tana neman kujera. Wanda yake son ya shiga wannan musu da hujja a hannu, babu inda ya fi masa sauƙi kamar sashen jami'o'i na Sports-Reference, shafin intanet da ke tattara alƙaluman wasanni. Kyauta ne, yana buɗewa a waya, kuma ba sai an yi rajista ba. Kamfanin yana da wata hidima ta biya mai suna Stathead, amma wannan tambaya ba ta buƙatarta.

Da ka shiga, abu na farko shi ne ka tabbatar kana ɓangaren maza ko na mata, domin an raba su. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe: UConn ta mata tana da kofuna 12, ta maza 6, kuma suna ɗaya suke amsawa. Daga nan ka buɗe jerin makarantu. Za ka ga dogon tebur, kowace makaranta da layinta: shekarar da ta fara, wasannin da ta ci da waɗanda aka ci ta, sau nawa ta shiga gasar NCAA (gasar cin kofin ƙasa ta hukumar wasannin jami'o'in Amurka), sau nawa ta kai huɗun ƙarshe a ƙarƙashin FF, da kofunan ƙasa a ƙarƙashin NC. Ka taɓa kan kowane ginshiƙi, sai teburin ya jeru daga babba zuwa ƙarami. Ana kuma iya kwashe teburin zuwa Excel. A ƙaramar waya dai sai ka yi ta jan allo gefe, kuma tallace-tallace na cin data.

Idan ka jera da NC, zuwa ƙarshen kakar 2025 ga abin da za ka gani: UCLA 11, Kentucky 8, North Carolina da UConn 6 kowacce, Duke da Indiana 5, Kansas 4. Wanda ya tsaya a nan zai yanke hukunci ba daidai ba, kuma wannan ne babban raunin teburin: lamba ce tsirara, ba ta faɗin yaushe aka ci kofi ko a hannun wa.

Sai an shiga shafin kowace makaranta ake ganin amfanin wurin sosai. Kaka bayan kaka, ga sunan koci, ga matsayi a ƙuri'ar AP (jerin fitattun ƙungiyoyi na kamfanin labarai Associated Press), ga inda aka tsaya a gasa. A shafin UCLA za ka ga goma daga cikin kofuna 11 John Wooden ne ya kawo su tsakanin 1964 da 1975, saura ɗaya tal a 1995. Kentucky kuwa kociyoyi biyar ne suka ci mata nata, daga Adolph Rupp a 1948 har John Calipari a 2012, da Joe B. Hall da Rick Pitino da Tubby Smith a tsakani. A ganinmu wannan ya fi yawan kofi nauyi, domin yana nuna gidan ne ke da ƙarfi ko da an canza mai riƙe da shi. North Carolina ma haka: Frank McGuire a 1957, Dean Smith sau biyu, Roy Williams sau uku, ga zuwa huɗun ƙarshe sau 21, babu wanda ya kai ta. Duke duka biyar ɗinta na Mike Krzyzewski ne, amma shafin zai nuna maka ta buga wasan ƙarshe a 1964 da 1978 tun kafin ya zo.

Indiana ce shafinta ke sa mutum tausayi. Ita ce ta ƙarshe da ta gama kaka ba a ci ta ko sau ɗaya ba har ta ɗaga kofi, wasa 32 a 1976 a hannun Bob Knight. Amma rabonta da kofi tun 1987, rabonta da huɗun ƙarshe tun 2002. UConn kuwa akasin haka take. Ba ta taɓa kaiwa huɗun ƙarshe ba sai 1999, daga nan ta kwashi shida a cikin shekara 25 da kociyoyi uku, Jim Calhoun da Kevin Ollie da Dan Hurley. Emeka Okafor, ɗan asalin Najeriya, shi ne gwarzon gasar 2004, Adama Sanogo ɗan Mali kuma ya zama gwarzon ta 2023 yana azumin Ramadan. Mu dai mun ba UConn kujerarta, kuma ta fi Indiana hujja a yau.

Akwai abubuwa uku da shafin ba zai ja kunnenka a kansu ba. Na farko wasannin da hukumar NCAA ta soke. Louisville ta ci kofin 2013 a fili, aka ƙwace shi a 2018. Kansas ma an soke mata nasara 15 da zuwanta huɗun ƙarshe na 2018, abin da ya mayar da Kentucky kan gaba a yawan nasarori. Don haka lambar da ka gani a nan tana iya saɓa wa ta hukumar, sai ka duba alamar da ke jikin kakar kafin ka kafa hujja da ita. Na biyu, gasar NCAA a 1939 ta fara, da ƙungiyoyi takwas. Kambun 1922 da 1923 da magoya bayan Kansas ke ƙirgawa na gidauniyar Helms ne, wadda ta ba da su daga baya, shi ya sa ba sa cikin NC.

Na uku ya fi su wuyar ganewa. Kafin 1975 ƙungiya ɗaya kawai kowane rukunin makarantu masu gasa tare ke aikawa gasar NCAA. USC, wato Jami'ar Kudancin California, ta ci wasa 24 a 1971, sau biyu kacal aka ci ta, duka a hannun UCLA, amma ta zauna a gida domin rukuninsu ɗaya da UCLA. Sai a 1985 gasar ta kai ƙungiyoyi 64, a 2011 ta kai 68. Kwatanta yawan shiga gasa na da da na yanzu kai tsaye zalunci ne ga tsofaffin ƙungiyoyi. Maganin wannan shi ne ginshiƙin SRS, wanda ke auna tazarar maki tare da ƙarfin abokan karawa, sifili shi ne matsakaici. Ka ɗauki makarantu biyu, ka kwashe SRS ɗinsu na kowace kaka zuwa Excel, ka raba shekaru goma-goma, sannan ka ga wace ce ba ta taɓa yin dogon barci ba.