Taron gudummawa: wutar daji ko yara masu cutar gado?

Ga ƙungiyar da za ta zaɓi ɗaya cikin biyun, ga bambancinsu. Kuɗin gudummawar wutar daji yakan shigo kamar ruwan sama a makon farko, sannan ya ɗauke da zarar 'yan jarida sun tafi, alhali sake gina gidaje yana ɗaukar shekaru. Babban tarkonsa shi ne asusun da aka ce kuɗin za su shiga tun farkon shela. A gobarar Ostireliya ta 2020, 'yar wasan barkwanci Celeste Barber ta tara dalar ƙasar miliyan 51 a Facebook don hukumar kashe gobara ta jihar New South Wales. Kotu ta ce ka'idar asusun ba ta yarda a miƙa kuɗin ga wasu ƙungiyoyin agaji ba, sai ayyukan hukumar da ma'aikatanta. Don haka a karanta ka'idar asusu kafin a yi shela. Kuma a nemi kuɗi maimakon tsofaffin tufafi, masu cinye wurin ajiya.

Na yara masu cutar gado da ba kasafai ake samu ba kuwa, tafiyarsa a hankali take, amma lokaci ba ya jira. Maganin Zolgensma na cutar SMA, mai raunana tsoka, ya fito a Amurka a 2019 kan kusan dala miliyan 2.1, na 'yan ƙasa da shekara 2. Jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Nan ana buƙatar takardar likita, yardar iyaye kan hotuna, biya kai tsaye ga asibiti, da rubutaccen bayanin makomar kuɗin idan ba su cika ba. Ga ƙaramar ƙungiya, wannan ya fi na wutar daji wahalar ɗauka.