Rediyon kamo tashoshin nesa: wacce ta dace da mutumin Bauchi?

Wani abokina da ke zaune a Legas ya sha ba ni labarin yadda yake kamo tashoshin ƙetare a matsakaicin zango da dare, da 'yar ƙaramar rediyo, yana zaune a bakin teku. Ba ƙarya yake yi ba. Ruwan gishiri ya fi busasshiyar ƙasa ɗaukar igiyar rediyo sau dubbai, shi ya sa sigina ke tafiya a kansa ba ta gajiya da wuri. Mu kuwa a Bauchi tsakaninmu da teku ya haura kilomita 500, ga duwatsu, ga ƙasa da ke bushewa ƙayau da rani. Wanda ya sayi rediyo bisa shawarar mutumin bakin ruwa zai sha haushi.

Namu gajeren zango ne. Shi sama yake hawa ya dawo, bai damu sosai da irin ƙasar da kake kai ba. Ta nan iyayenmu suka saba jin BBC Hausa tun 1957.

Mafi araha su ne masu allura, irin su Kchibo da suka cika kasuwar Wunti. Suna kamo manyan tashoshi a mita 16 ko 19, batir biyu ya ishe su. Matsalarsu zamewa. Na taɓa sayen wata irinsu, ana cikin labarai sai muryar ta sulale, in murɗa in dawo da ita, kafin in kurɓi shayi ta sake guduwa. Idan labarai kawai kake so, Malam, Tecsun R-9012 ta fi su natsuwa.

Mai farautar ƙananan tashoshi kuwa, ya nemi mai nuna lamba. Tecsun PL-330 ƙarama ce, batirinta irin na tsohuwar Nokia ne, ana yi mata caji kamar waya, kuma tana da SSB, wato tsarin sauraron masu magana da juna ta rediyo don sha'awa. PL-660 ta fi ta girma da daɗin murya, amma batir huɗu take ci. Ni dai 330 zan ɗauka, ko don halin wutarmu. Akwai kuma RTL-SDR, 'yar na'urar kamo rediyo da ake soka wa kwamfuta. Wannan sai mai haƙuri.

Kada kuɗinka ya ƙare a kan akwatin. Injin sola, janareto, cajar waya da ƙwan fitila mai araha duk suna zuba ƙara a gajeren zango, da damina kuma ga tsawa. Ka sayi siririyar waya kamar mita 10, ka ɗaura a bishiya, ka maƙala a eriya. Kuma kafin ka biya, ka roƙi mai shago ya bari ka fito da ita waje, nesa da janaretonsa, ka gwada kamo tashoshi a mita 25 da 31 bayan la'asar.