Kwail, hula ko tuna: me ya kamata ka saya kafin eriyarka ta tsaye ta sauka mita 80 da 160

In kana da eriya ta tsaye mai tsawon mita 10 wadda ke yi maka aiki lafiya lau a zangon mita 40 na rediyon 'yan amaca, wato masu lasisin watsa rediyo don sha'awa, kuma yanzu ranka ya biya da zangon mita 80 ko 160, to tsaya tukuna kar ka yi saurin tura kuɗi waje, don abin da masu sayarwa suka fi tallatawa ba shi ne ya fi muhimmanci ba. Ni ra'ayina tun daga farko shi ne kuɗinka na farko su tafi a kan waya, wayar da za ka shimfiɗa a ƙasa da wadda za ka ƙara a can ƙololuwa, akwatuna masu tsada su biyo baya in ma akwai buƙatarsu.

Lissafin ba wuya. Eriyar tsaye tana son kwatan tsawon zango, wato kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon igiyar siginar da kake watsawa, a mita 40 wajen mita 10 kenan, a 3.6 MHz wajen mita 20, a 1.83 MHz kuwa kusan mita 40 a tsaye cak, wanda gaskiya ba kowa ke da halin kafawa a tsakar gida ba. Cikakkiyar mai kwatan zango juriyarta ta watsawa, wato ɓangaren juriyar da ke mayar da wuta sigina, tana wajen om 36, amma in ka ɗauki wannan sandar taka ta mita 10 ka tilasta mata mita 160 da kwail a gindi, wato naɗaɗɗiyar waya mai cike gibin tsawo, juriyar na faɗowa kusan om 1.5 kacal. Yanzu ka ce ƙasarka na cin om 15, kwail ɗin kuma om 5, kaga cikin wat 100 da rediyonka ya fitar wajen wat 7 ne kawai suka tashi sama, sauran duk sun tafi ɗumama ƙasa da kwail. A mita 80 abin da ɗan sauƙi, juriyar kan kai wajen om 6, shi ya sa mutum zai iya lallaɓawa a 80 amma 160 ta ƙi shi ƙememe.

Kwail a gindi shi ne abin da kowa ke fara tunani saboda arha da sauƙi, yana nan ƙasa hannunka na kaiwa, kana iya matsar da maƙalin daga wannan zagaye zuwa wancan ka canza zango. Don mita 160 a sandar mita 10 za ka buƙaci wajen maikrohenri 100, na 80 kuwa bai kai kwatan haka ba ma. Kana iya saya, kana iya naɗawa da kanka a kan bututun PVC mai faɗi da waya mai kauri ta jan ƙarfe, a bar ɗan tazara tsakanin zagaye da zagaye, kuma wallahi wanda ka naɗa da kyau sau da yawa ya fi ƙananan nan da ake sayarwa a matse cikin roba. Abin da ba a cika faɗa wa mutum ba shi ne a wat 100 ɗin nan wutar da ke saman kwail ɗin na iya haura bolt 2000, so insuletan gindin sandar dole ya zama na kirki, kuma kar yara su riƙa wasa a wurin lokacin da kake watsawa. Ga kuma ƙuncin zango, a 160 da ka ɗan matsa kilohaz kaɗan SWR, wato ma'aunin rashin dacewar eriya da rediyo, ya tashi. In FT8, wato tsarin musayar saƙo ta kwamfuta, kaɗai kake yi a kilohaz 1840 ko 3573 wannan ba zai dame ka ba tunda wuri ɗaya kake zaune, amma mai yawo tsakanin CW, wato saƙon Morse, da murya zai gaji da fita waje cikin dare yana matsar da maƙali. Ɗaga kwail ɗin zuwa tsakiyar sanda ya fi kyau ta fuskar aiki, sai dai yana buƙatar kwail mafi girma kuma nauyinsa a sama ga iskar farkon damina ba abin wasa ba ne.

Masu eriyar kamfani irin su Butternut HF6V ko HF9V akwai ƙarin da ake sayar musu na mita 160 mai suna TBR-160-S, ita kuma Hustler 6BTV da ma tana zuwa da na 80 a kanta. Suna aiki, ba a ce ba sa yi ba, amma ka tuna dukkansu ba su kai mita 8 a tsayi ba, wato a 160 sun ma fi sandarka ta mita 10 gajarta, lissafin nan na sama bai ƙyale su ba don kawai akwai sunan kamfani a jiki. In kana da ita a kafe kuma ba ka da fili ko kaɗan to saya, in kuwa daga farko za ka fara ni ba zan ba ka shawarar ka biya kuɗin jirgi da na kwastan a kanta don 160 ba.

Sai tuna, wato akwatin da ke daidaita eriya da rediyo. A nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Akwai tsarin nan da ya yi tashe a Amurka na sanda mai ƙafa 43, wato wajen mita 13, da unun 4:1, wato ƙaramin taransifoma na daidaita juriya, a gindi sai tuna a ɗaki, ana cewa daga 160 har 10 duk tana yi. Daga 40 zuwa 20 tana da kyau sosai, a 80 da ƙyar, a 160 kuwa SWR ɗin da ke cikin kebul ɗin koks ya yi yawan da kebul ɗin ne da unun ɗin ke shanye kusan komai, kai kuma kana zaune a ɗaki kana kallon SWR 1:1, wato cikakkiyar dacewa, a fuskar rediyo kana murna. Tunan da ke ɗaki rediyo yake faranta wa rai, bai gyara komai a can waje ba. Wanda ake sawa a gindin eriya ya fi shi nesa ba kusa ba tunda ya cire asarar kebul, amma ka karanta takardarsa da kyau kafin ka saya, misali Icom AH-4 daga 3.5 MHz ya fara da waya mai mita 7 ko fiye, SGC SG-230 kuma yana sauka har 1.6 MHz. Kayan MFJ ma suna nan a hannun mutane amma kamfanin ya daina ƙerawa a masana'antarsa ta Misisifi a 2024, ka sa wannan a lissafi in za ka sayi na hannu. Ko da na gindin ne, ƙananan kwail ɗin da ke cikinsa ba su kai babban da za ka naɗa ba, kuma gajeriyar sanda a 160 na iya sa wuta ta yi tsalle a cikin rile ɗinsa, wato ƙananan maɓallan da ke cikinsa. Dabarar da ta fi ita ce ka taimaka masa da kwail na waje ko ƙarin waya a sama, shi kuma ya ƙarasa ɗan abin da ya rage.

To yanzu ga inda nake son ka zuba ido, wato sama. In ka ɗaura wayoyi uku ko huɗu a ƙololuwar sandar ka ja su gefe-gefe kamar hula, wutar da ke bin sandar takan zama kusan daidai daga ƙasa har sama maimakon ta ƙare a sifili a can ƙarshe, kuma a lissafi wannan na iya ninka juriyar watsawa har kusan sau huɗu, om 1.5 ɗin nan ta doshi 6, sannan kwail ɗin da za ka buƙata ya ragu, asararsa ma ta ragu, zangon ya ɗan buɗe. Duk wannan da wayar da ba ta kai kuɗin unun ɗaya ba. Sharaɗin kawai kar wayoyin su zubo ƙasa sosai, in sun sunkuyo da yawa suna soke aikin sandar, ka ja su nesa da igiya yadda bakinsu zai tsaya can sama gwargwadon hali.

In kuma akwai doguwar bishiya ko bene ko tankin ruwa a kusa, yi mai siffar L a kife kawai, waya ɗaya mai wajen mita 40, mita 10 ko 12 ta hau tsaye sauran ta miƙe a kwance. Yawancin masu ƙaramin fili da ake jin su da ƙarfi a 160 wannan suke amfani da ita. Wasu kan tsawaita ta zuwa wajen mita 50 su sa kapasita a jere a gindi don ta matso om 50. Abu ɗaya dai, wayar mita 40 a zangon 80 rabin zango ce, juriyarta a gindi ta kai dubbai, tuna da yawa ba sa iya kama ta, sai dai ka sa tarko, wato ɗan kwail da kapasita masu tare wuta a zango ɗaya, a tsakiya ko ka ja waya ta biyu daban ta mita 20. Don sandar kanta, na faiba irin na Spiderbeam mai mita 12 ko 18 ba nauyi kuma mutum ɗaya na iya ɗagawa, amma rana irin tamu tana cin faiba, a shafa mata fenti a kuma ɗaure ta da igiyoyi hawa biyu.

Ƙasa kuwa ita ce rabin eriyar, kuma a nan arewa lamarin ya fi tsanani don yashi busasshe na rani ba ya ɗaukar wuta ko kaɗan. Rodin da ka kafa a gindi na tsawa ne, yana da amfaninsa amma ba ya maye gurbin radiyal, wato wayoyin da ake shimfiɗawa daga gindin eriya zuwa kowane ɓangare. Tun binciken Brown da Lewis da Epstein na 1937 gidajen rediyon AM suka riƙe radiyal 120, kai ba ka buƙatar haka, daga 16 zuwa 32 nan ne mafi yawan ribar take, kuma waɗanda ke kwance a ƙasa ba sai an auna su daidai da zango ba, gajeru da yawa sun fi dogaye guda huɗu. Wannan labari ne mai daɗi ga mai fuloti 50 ba 100, shimfiɗa duk inda ta kai, in ta ci karo da katanga ka lanƙwasa ta, ka ƙara ragar kaji a kewayen gindin. Gwaje-gwajen Rudy Severns, ɗan amaca mai alamar kira N6LF, sun nuna radiyal huɗu da aka ɗaga sama aka auna su daidai na iya kamo masu yawa na ƙasa, sai dai a 160 kowanne mita 40 ne kuma dole su yi daidai da juna, ina filin yake. Ka binne na ƙasan ɗan kaɗan saboda awaki da kuma 'yan jari bola, jan ƙarfe a fili ba ya kwana. Kuma kar ka firgita in ka ƙara radiyal ka ga SWR ya ƙaru zangon ya ƙuntata, asara ce ta ragu, gajeriyar eriyar da ke ba ka SWR mai kyau ko'ina ita ce abar zargi. NanoVNA, wato ƙaramin ma'aunin eriya, ba shi da tsada kuma da shi za ka ga wannan da idonka, ni shi zan saya kafin kowane tuna.

Ka kuma tambayi kanka wa kake son ji. In hira kake so da Kaduna ko Zinder ko Sakkwato daga Kano a mita 80, eriyar tsaye ba ta dace ba sam don tana harba sigina ƙasa-ƙasa ne zuwa nesa, daifol, wato eriyar waya mai hannu biyu a kwance, da aka rataya ƙasa-ƙasa ya fi ta a wannan. Ta tsaye ta Turai ce da Amurka cikin dare, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da ƙarar tsawa ta lafa, kuma alamar kira ta 5N ta Najeriya ko 5U ta Nijar a 160 abin nema ce a wurinsu. Sai dai tana kwasar hayaniyar inbata da cajojin unguwa ba kaɗan ba, don haka ka ware ɗan kuɗi na ƙaramar eriyar zobe ta saurare kawai, ka ajiye ta nesa da sola. A yankinmu na ɗaya na ITU, wato hukumar sadarwa ta duniya, rabon 'yan amaca a 160 daga kilohaz 1810 ne zuwa 1850, a 80 kuma 3500 zuwa 3800, ka duba abin da lasisinka ya ba ka kafin ka yanke waya, kuma ka yanke ta da ɗan tsawo ka riƙa ragewa a hankali.