Keken Phoenix Ko Keke Mai Giya?

Duk wanda ya shigo shagona neman keke tambayarsa ɗaya ce: Phoenix zan saya ko mai giya?

In kaya za ka riƙa ɗauka, Phoenix. Nauyi gare shi kam, amma ɗora masa buhun masara a kariya, ko gezau. Burkinsa na ƙarfe ne, ba waya ba, kuma kowane mai faci a ƙauye ya san kansa. Kayan gyaransa har kasuwar ƙauye akwai.

Mai giya kuwa, yawanci ɗan gwanjo, sakayau yake, ga daɗin hawan tudu. Ɗalibai shi suke so. Sai dai ƙurar hunturu tana cin sarƙarsa, in giyar ta lanƙwashe kuma, sai ka yi mako kana neman irinta. Shi ya sa manomi in ya zo, Phoenix nake nuna masa.