Bobin ɗin da na saya a Kasuwar Dole, bayan wata biyar

Ƙanena mai shagon cajin waya a Zango ya matsa in haɗa masa akwatin lasifika biyu, shi ya kai ni neman bobin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ake sa wa lasifika don tace sauti. Na samu wajen wani mai kayan rediyo a Kasuwar Dole ta Damagaram da ke saro kaya daga Kano: manya biyu masu 0.5 mH (ma'aunin ƙarfin bobin ke nan), ƙanana biyu na tuwita (ƙaramar lasifika mai fitar da siririn sauti), duka wayar tagulla zalla, ba ƙarfe a cikinsu. Jaka uku ya ce, muka tsaya a biyu da rabi.

Wayar tana da kauri, naɗin a matse yake, nan kam sai yabo. Babbar lasifikata mai om 8 ce, kuma in aka jera mata bobin 0.5 mH, daga wajen 2,500 Hz take fara danne siririn sauti ta bar wa tuwita. Haka kunnena ya ji.

Ƙafafun bobin ɗin, wato bakin wayar biyu da ake haɗawa, su ne suka ba ni haushi. Gajeru, kuma ba a kankare fentin da ke jikin wayar ba. Na yi ta ɗora dalma tana zamewa, sai da na sa reza na goge har tagullar ta yi ƙyalli. Sauƙinta ɗaya, bobin ba ta da gaba da baya, kowace ƙafa ka fara da ita daidai ne.

Wajen kafawa kuwa laifina ne. Na zura bis (sukuru) na baƙin ƙarfe ta ramin tsakiya na ɗaure, na kwantar da babba da ƙarama gefe da gefe. Murya ta fito a dushe kamar mai mura. Ƙarfen ya ƙara wa bobin ƙarfin da ban lissafa ba, su kuma biyun suna zuba wa juna maganaɗisu kamar taransifoma. Na cire bis, na bar ɗaya a kwance, na tsayar da ɗaya a kan gefenta, tazarar taƙi guda, nesa da mayen ƙarfen lasifikar. Nan take ta washe.

Gam ɗin kyandir da na manna su da shi a allon katako kuwa, shi kaɗai bai riƙe ba. Zafin Afrilu na Damagaram da girgizar sauti mai kauri suka saki ɗaya tana ƙwanƙwasa katako. Yanzu na huda allon na ɗaure kowace da igiyar roba biyu, gam na ƙasa. Zan sake saye, amma da rezata a aljihu.